Yadda ake sa waya ta tara hotunan kowane mutum wuri guda ta hanyar gane fuska

Duk wanda ya taɓa neman hoton mahaifiyarsa guda ɗaya a wayar da ta shekara uku tana shan hotunan biki, suna, walimar sauka da hawan Sallah ya san wahalar da ke ciki. Ga na Ƙofar Soro, ga na Hawan Bariki, ga waɗanda 'yan uwa suka turo daga Daura lokacin Sallar Gani, duk sun cakuɗe da takardun makaranta da rasiɗan banki. Yawancin wayoyin yanzu suna iya ware waɗannan hotuna, su tara na kowane mutum a rukuninsa, ka taɓa fuska ɗaya duk inda mai ita ya fito ya bayyana. Sai dai aikin ba ya yin kyau shi kaɗai. Manhajar kama kawai take gani, ba ta san kowa ba, kuma irin hotunan da muke ɗauka a nan da irin shigarmu da sunayenmu suna rikita ta. Wanda ya san inda take tuntuɓe tun kafin ya kunna, shi zai huta da gyara daga baya.

Abin da ke faruwa a cikin wayar

Aiki uku manhajar take yi a jere. Da farko tana bin hoto tana neman inda fuska take: idanu biyu, hanci, baki. In ba ta ga fuska ba a wannan gaɓa, galibi zance ya ƙare, ba za ta sa hoton a rukunin kowa ba. Na biyu, sai ta yanko fuskar, ta miƙar da ita, ta mayar da ita jerin lambobi. Tsarin FaceNet da masu binciken Google suka fitar a 2015 lambobi 128 yake ba kowace fuska. Ka ɗauke su kamar awon da tela ke rubutawa a littafinsa: awon mutum ɗaya ba ya nisa da juna daga wannan Sallah zuwa waccan, amma wa da ƙane ma awonsu kan zo kusa, yaro kuma awonsa kullum canzawa yake. Na uku, sai ta tara fuskokin da lambobinsu suka yi kusa da juna ta ce mutum ɗaya ne.

Masu ƙera waɗannan manhajoji sun fi tsoron a haɗa mutum biyu a rukuni ɗaya fiye da a raba mutum ɗaya gida uku, don haka suka tsaurara ma'aunin. Shi ya sa za ka tarar da babanka ya fito sau uku: ɗaya da hula, ɗaya da rawani, ɗaya tun gemunsa bai yi furfura ba. Wannan ba lalacewa ba ce, haɗe su aikinka ne.

Kada kuma a rikita wannan da buɗe waya da fuska. Wancan tsari ne daban mai ma'ajiyarsa daban. Kashe ɗaya ba ya taɓa ɗayan.

Wace manhaja ce a hannunka

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne inda ake yin lissafin. Google Photos, wadda ta fito a watan Mayun 2015, tana aiki ne da hotunan da ka ɗora a asusunka na Google, saboda haka tana cin data, amma rukunan suna bin asusun duk wayar da ka koma. Manhajar Photos ta iPhone, tun daga iOS 10 a 2016, a cikin wayar take lissafinta. Gallery ta Samsung ma a waya take yi. Ga masu Tecno, Infinix da itel, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'a, manhajar hotunan da ke zuwa da wayar ta bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan, don haka Google Photos ce hanyar da ta fi tabbas, kuma galibi tana nan a wayar tun daga kwali.

Akwai kuma ƙaramar manhajar Google mai suna Gallery, da aka ƙaddamar a Legas a watan Yulin 2019 da sunan Gallery Go. Ba ta da nauyi, ba ta buƙatar intanet, tana ware hotunan mutane da na takardu da na dabbobi. Ga mai ƙaramar waya da ba ya son ƙona data ta isa, amma ba ta kai Google Photos kayan gyara ba.

Share wayar kafin ka kunna komai

Wannan gaɓa ce aka fi tsallakewa, kuma ita ce ke ɓata sakamako. Manhajar ba ta bambance ɗan uwanka da fuskar da ke jikin fostar ɗan takara, ko malamin da ke kan katin gaisuwar Juma'a, ko jarumin fim da aka turo a zauren WhatsApp. Kowace fuska da ta maimaitu rukuni za a buɗe mata. Mutum kan buɗe jerin mutanensa ya tarar da 'yan siyasa sun fi danginsa yawa.

Shiga WhatsApp, ka je “Settings”, sannan “Storage and data”, ka cire alamar hotuna da bidiyo a ƙarƙashin “Media auto-download”. Daga nan sai abin da ka taɓa da hannunka zai sauka. A zaurukan da suka fi yawan turo tarkace, taɓa sunan zauren, ka mayar da “Media visibility” zuwa “No”, don kada hotunansu su shigo ma'ajiyar hotunanka. Sannan ka buɗe foldar “WhatsApp Images” ka kwashe na dangi da kake son ajiyewa zuwa wata sabuwar folda, ka sa mata suna, misali Dangi. Sauran ka bar su inda suke ko ka goge.

Sai lissafin wuri da data. Google na ba kowane asusu 15 GB kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi. Tun 1 ga Yunin 2021 duk sabon hoton da aka ɗora yana ci daga ciki. In hoto ɗaya ya kai 3 MB, hoto 4,000 sun tashi 12 GB ke nan, ban da bidiyo. Don haka a saitin ingancin ajiya ka zaɓi “Storage saver”, wanda ke matse hoto, ya rage wanda ya wuce megafiksel 16 zuwa 16. Wannan bai rage wa fuska komai da za a damu da shi ba. Ɗorawar farko kuma a yi ta kan Wi-Fi ko datar dare mai rahusa, waya tana kan caji.

Matakan Google Photos

1. Buɗe manhajar, ka taɓa hotonka ko harafin sunanka a sama ta dama. Ka duba da kyau asusun wa ke nan. In wani ne ya buɗe maka shi a shagon sayar da waya, tsaya ka canza kalmar sirri tukuna; bayani na zuwa a ƙasa.

2. Shiga “Photos settings”, sannan “Backup”, ka kunna. A cikin “Back up device folders” ka kunna foldar Dangi da ka ƙirƙira kaɗai. Foldar kyamara tana hawa da kanta. Kada ka kunna ta WhatsApp gaba ɗaya, kada ka kunna ta “Screenshots”.

3. A wurin “Mobile data usage” ka sa iyakar datar da za a ci a rana. Akwai 5 MB, 10 MB, 30 MB, da marar iyaka. Ka bar bidiyo a kashe a kan datar waya.

4. Koma baya ka shiga “Preferences”, ka nemi “Face Groups”, a wasu wayoyin “Group similar faces” aka rubuta, ka kunna. In babu wannan zaɓi sam, sabunta manhajar a Play Store, ka kuma tabbatar ba asusun makaranta ko na wurin aiki kake amfani da shi ba, domin ba kowane irin asusu aka buɗe wa ba.

5. Je saitin wayar kanta, wurin manhajoji, ka zaɓi Photos, ka cire mata takunkumin batir. Wayoyi da yawa suna kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye da zarar allo ya mutu, sai ka wayi gari hoto 40 kacal suka hau. In kana da manhajar share waya da ke rufe komai da dare, ka cire Photos daga jerinta.

6. Jira. Fuskokin ba sa fitowa nan take. Ma'ajiya mai dubban hotuna kan ɗauki kwanaki. Kada ka yi ta kashewa kana kunnawa don ka hanzarta ta, kashewa na goge abin da aka riga aka tara.

In sun fito, za ka same su a “Collections”, ƙarƙashin “People & pets”.

Sa suna, da tarkon Aisha biyu

Taɓa fuska, ka taɓa “Add a name”, ka rubuta. Sunan kai kaɗai ke ganinsa, ko da ka tura wa wani hoton. To, ga inda aka fi yin ɓarna a gidajenmu. Hanyar haɗe rukuni biyu a Google Photos ita ce a ba su suna ɗaya: in ka fara rubuta sunan da ka riga ka yi amfani da shi, sai ya fito a ƙasa, in ka taɓa shi sai a tambaye ka ko mutum ɗaya ne. Gidan da ke da Aisha huɗu, Fatima uku da Muhammadu biyar, da hannu ya saba da danna “Yes” an gama. Hotunan ƙanwarka da na kishiyar yayarka sun zama na mutum ɗaya, kuma babu maɓallin da zai warware su da taɓawa guda, sai cirewa ɗaya bayan ɗaya.

Maganin shi ne kada a bar suna tsirara. A haɗa shi da laƙabi, ko unguwa, ko dangantaka: Aisha Ƙofar Marusa, Aisha ta Kawu, Fatima Daura, Muhammadu Ƙarami. Waɗanda ba a kiran sunansu don kunya ko girmamawa a rubuta yadda ake kiransu a gida, Baba, Inna, Gwaggo, Yaya Babba, Maigida, tunda da wannan za ka neme su. Ka kuma tsaya a kan rubutu ɗaya. In ka rubuta A'isha yau, gobe Aisha, ko Ƙ a wani wuri K a wani, kai da kanka za ka sha wahalar nema.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne ka fara da mutum goma da suka fi yawa a wayarka. Kafin ka sa wa rukuni suna, ka zagaya cikinsa har ƙasa. Duk hoton da ba na mai rukunin ba, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi cire hotuna daga rukunin, ka yi musu alama. Wannan ba ya goge hoton daga waya. Sai rukuni ya tsarkaka sannan a haɗe shi da wani, domin baƙuwar fuskar da aka bari a ciki takan jawo 'yan uwanta. Wani lokaci manhajar da kanta za ta jera fuska biyu ta tambaye ka ko ɗaya ne ko daban. In ba ka tabbata ba, “Not sure” na nan, kuma ya fi cinta alheri.

In ka ga hoton da mutum ke ciki amma ba ya rukuninsa, buɗe hoton, ja shi sama, a wurin mutane ka taɓa alamar fensir. In an ga fuskar, za ta fito a ƙasa ka haɗa ta da mai ita. In ba ta fito ba, matakin farko ne ya gaza, ba yadda za ka tilasta. Abin yi shi ne ka rubuta sunan a wurin bayanin hoton, tunda nema yana karanta abin da aka rubuta a nan.

Bayan sunaye sun zauna, rubuta suna biyu tare a wurin nema zai fito maka da hotunan da su biyun suke ciki. Ranar da ake neman hoton kaka da jikanta don a buga a kalandar biki, nan amfanin aikin ke bayyana.

A kan iPhone da Samsung

A iPhone ba abin da za ka kunna, kuma nan matsalar take: wayar ce ke zaɓar lokacin aikinta. Tana yi ne in tana kan caji, allo a kulle. Wanda ke kai wayarsa wurin mai caji na awa ɗaya ya karɓo, ko wanda ke latsa ta duk lokacin da take jikin wuta, zai iya yin makonni jerin mutanensa bai cika ba. A bar ta a jone cikin dare na 'yan kwanaki, ko da fawa bank ne, a kashe “Low Power Mode”. Zafi ma yana sa waya ta rage aikin ɓoye. Apple ya ce daga digiri 0 zuwa 35 aka tsara iPhone ta yi aiki, alhali zafin Katsina a watan Afrilu da Mayu yana haura 40. A cire mata riga, a ajiye ta a kan siminti ko tebur, ba ƙarƙashin matashi ba.

Rukunan suna cikin “People & Pets”; an ƙara karnuka da kyanwoyi ne a iOS 17. Don sa suna daga hoto, buɗe shi, ja sama, ka taɓa ƙaramar da'irar fuskar da ke ƙasan hoton. Don haɗe rukuni biyu, zaɓe su ka taɓa “Merge”. Don cire baƙo, zaɓi hoton ka nemi inda aka rubuta “This is Not” da sunan. Akwai kuma zaɓin nuna fuskoki kaɗai a maimakon cikakken hoto, wanda ke sa a gano baƙo da sauri a hoton taro.

Wani abu game da iPhone ya shafe mu kai tsaye. A bayanin da Apple ya fitar a 2021 ya ce ban da fuska, tsarinsa yana duba saman jiki da tufafi don gane mutum a hotunan da aka ɗauka a zama ɗaya, saboda mutum ba ya yawan canza kaya a wuni guda. Dabara ce mai kyau, har sai an zo yinin biki inda ƙawaye ashirin suka yi anko ɗaya da ɗauri iri ɗaya. Hotunan kamu da na yini su ne za ka fi bi da ido.

A Samsung, buɗe Gallery, taɓa alamar nema, fuskokin na ƙarƙashin “People”. Sa suna da haɗewa kusan iri ɗaya ne. Abin lura kawai, aikin a wayar yake zaune, kada ka sa rai zai bi ka zuwa wayar wani kamfani.

Abin da ke sa fuska ɓacewa ko rabuwa

Haske ne babban dalili. Kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya, don haka in mutum ya sa farar shadda ya tsaya a rana tsaka, ko ya ba ƙofa baya, sai ta rage haske don farin kada ya ƙone, fuska kuma ta nutse. Baƙar fata ta fi cutuwa da wannan. Kafin ka ɗauka, taɓa fuskar a kan allo, in alamar rana ta fito ka ɗan ja ta sama. Ka sa mutum ya fuskanci inda haske ke fitowa. Inuwar zaure ko ta bishiya ta fi rana tsaka, wadda ke jefa inuwar hula a kan idanu. Rumfar biki mai launin ja ko shuɗi takan rina fuska, a fito bakinta. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge gilashin kyamara da kyalle mai laushi, ƙura da maiƙon yatsa suna dusar da hoto fiye da yadda ake zato.

Ba duka laifin mai ɗauka ba ne. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka fitar a 2018 ya nuna wasu manhajojin kasuwa suna kuskuren tantance jinsi har kashi 34.7 cikin ɗari a fuskokin mata masu duhun fata, alhali a maza farare bai wuce kashi 0.8 ba. A watan Disambar 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada tsare-tsare 189, ta tarar da yawancinsu sun fi ɗaukar mutum biyu a matsayin ɗaya in fuskokin 'yan Afirka ta Yamma da ta Gabas ne ko na gabashin Asiya. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma hujja ce ta isa kada ka amince da rukuni ba tare da ka leƙa cikinsa ba.

Hijabi da mayafi ba sa hana komai muddin daga goshi zuwa haɓa a buɗe yake. Niƙabi kan hana. Haka amawali: hakimin da ya rufe baki da hanci a kan doki ranar hawa, idanu kaɗai suka rage, kuma daga nesa aka ɗauko shi. Hotunan hawan Sallah a Katsina ko Hawan Magajiya a Daura gara a buɗe musu albam da hannu, a sa shekara, a daina jiran manhaja. A yawancin wayoyi zuƙowa da yatsu biyu ba ta ƙara komai, faɗaɗa ɗigogi kawai take yi. In da hali a matsa kusa. Baƙin tabarau da takunkumi ma suna rage abin da za a auna.

Amarya kusan kullum rukuninta daban take samu. Hoda mai haske, gashin ido na kanti, girar da aka sake zanawa, wani lokaci har da ƙwayar ido mai launi, sun isa su sauya lambobin. A haɗe rukunin da na asali bayan an tabbatar ita ce. Haka hotunan da aka bi da filta mai sirantar da hanci da goge fata. Ga mai son ma'ajiya mai tsari, a kashe gyaran fuska na kyamarar gaba, ko a rage shi ƙasa.

Jarirai ba su da tabbas. Hoton ranar suna da na wata shida da na shekara biyu kan faɗa rukuni uku, ko kuma jariran gida ɗaya su haɗu a rukuni guda. Nan kwanan wata ne zai cece ka: in hoton na 2019 ne, ba na wanda aka haifa a 2022 ba ne. Hassan da Husaini masu kama ɗaya kuwa, kada ka ɓata lokacinka. Ba su rukuni ɗaya da sunansu biyu.

Sai WhatsApp. Hoton da aka turo ta hanyar da aka saba ana matse shi, ana kuma cire bayanan da ke jikinsa, har da ranar da aka ɗauka. A hoton mutum ɗaya ba a cika ganin illar ba, amma a hoton taro na mutum talatin kowace fuska ta koma 'yan ɗigogi. Ka roƙi mai hoton ya turo a matsayin “Document”, ko ya taɓa alamar HD da aka ƙara a 2023, ko ku yi amfani da Quick Share ko Xender in kuna tare. In kwanan watan ya riga ya ɓace, duba sunan fayil: lambobi takwas da ke bayan IMG su ne shekara, wata da ranar da ya shigo wayar, kuma ana iya gyara kwanan a Google Photos, har na hotuna da yawa a lokaci ɗaya.

Tsofaffin hotunan kati na iyaye da kakanni suna shiga rukuni in an ɗauke su da kyau. A cire su daga gilashi ko ledar albam, a shimfiɗa a inuwa, a kashe fitilar kyamara. Manhajar PhotoScan ta Google tana ɗaukar hoton daga kusurwa huɗu ta cire ƙyalli. Bayan nan a gyara shekarar da hannu, in ba haka ba hoton auren 1985 zai zauna a tsakiyar na makon jiya.

Rabawa, ɓoyewa da amana

Google Photos na ba da damar buɗe albam da ke cika kansa: ka zaɓi fuskoki, duk sabon hoton da suka fito ya shiga. Yana da daɗi ga kakannin da ke son ganin jikoki. Amma in ka raba wannan albam da wasu, ka sani ba ya neman izininka kafin ya ƙara hoto. Hoton yaro a cinyar mahaifiyarsa tana cikin ɗaki ba mayafi, shi ma zai tafi, tunda fuskar yaron na ciki. Haka “Partner sharing”, tsarin da ke nuna wa mutum ɗaya da ka zaɓa hotunanka kai tsaye, yake. Ga gidan da ke kula da wannan, albam ɗin da ake zuba wa hoto da hannu ya fi.

Hoton da ba a son kowa ya gani a kai shi “Locked Folder”. Abin da ke can ba ya fitowa a nema ko a rukuni. “Archive” ba ɓoyewa ba ce, kawar da hoto kawai take yi daga shafin farko, wanda ya taɓa fuska zai gan shi. A iPhone albam ɗin “Hidden” yana kulle da fuska ko yatsa tun daga iOS 16. In kuma akwai wanda ganinsa ke tayar da hankali, mamaci ko wanda aure ya rabu da shi, ba sai an goge ba: a saitin “Memories” na Google ana ɓoye fuskarsa, a iPhone kuma ana zaɓar a rage nuna shi ko a daina.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta lissafa bayanan halittar jiki cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Ta keɓe amfanin mutum na kansa da na gidansa, amma mai ɗaukar hoton biki, ko makarantar da ke tara fuskokin ɗalibai da sunayensu, ba su shiga wannan keɓewa ba, neman yardar masu fuskar ya hau kansu. Batun ba ƙarami ba ne a waje ma: a 2022 Google ya amince ya biya dala miliyan 100 don sasanta ƙara a jihar Ilinoi ta Amurka kan wannan tsari na tara fuskoki, Facebook kuma ya rufe nasa a watan Nuwamban 2021.

Hatsarin da ya fi kusa da mu dai ba na kamfani ba ne. Mutane da yawa yaron shago ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, shi ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci lambar wayarsa ce a jiki. Duk mai wannan kalma zai iya buɗe hotunanka a kowace kwamfuta, ya tarar da matanka da 'ya'yanka a jere, kowa da sunansa. Shiga “Manage your Google Account”, ɓangaren “Security”, ka canza kalmar, ka sa lambarka ta gaskiya a wurin dawo da asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka duba jerin na'urorin da ke cikin asusun ka fitar da wadda ba ka sani ba. Kafin ka kai waya gyara ka cire katin memori. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan suna da “Maintenance mode” da ke rufe hotuna yayin gyara. Kafin ka sayar kuma ka fita daga asusun sannan ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.

Wajen neman wuri a waya ma ana asara. Goge hoto a cikin Google Photos yana goge shi a waya da asusu baki ɗaya, sai dai yana zama a kwandon shara aƙalla kwana 30 kafin ya tafi. In wuri kake nema, “Free up space” za ka taɓa, shi ne ke cire na waya ya bar na asusu, rukunan fuska kuma ba abin da zai same su. In kana sauya waya daga Android zuwa iPhone, sunayen da ka sa ba za su koma manhajar Apple ba. Ko dai ka sauke Google Photos a sabuwar wayar ka shiga da asusunka na da, ko ka sake sa sunayen daga farko. Kashe “Face Groups” kuwa yana goge rukunan da lambobin fuskokin da duk sunayen da ka rubuta, hotunan kaɗai za su rage.